Dakar da jakar baya da guzuri kaɗan: a ina baƙo zai kwana?

Baƙon Dakar ya rubuta:

Assalamu alaikum, iyayena da yayyena na wannan zaure. Ni ɗan Yamai ne, ƙaramin ma'aikaci, kuma na daɗe ina tara kuɗi domin in yi amfani da hutuna in ga wata ƙasa da idona, ba don fatauci ko karatu ko neman magani ba. Na zaɓi Dakar saboda ina jin Faransanci, kuma kuɗinmu da nasu ɗaya ne, tunda Nijar da Senegal duka sefa ta bankin BCEAO suke kashewa, bankin da ma hedkwatarsa take a nan Dakar. Yanzu haka ina cikin birnin, ba ni da kaya sai jakar da nake goyawa a baya, kuma ina so in faɗi abin da na fara gani kafin in kawo tambayata.

Ta jirgin sama na zo, domin hanyar mota da ke bi ta Wagadugu da Bamako da Kayes ba ta da kwanciyar hankali a wannan zamani, kuma mahaifana ba su yarda in bi ta ba. Filin jirgin Blaise Diagne, wanda aka buɗe a Disamban 2017, ba a bakin gari yake ba kamar namu na Diori Hamani. Yana can Diass, kusan kilomita 50 daga tsakiyar birni, saboda haka tun kafin mutum ya hango teku aljihunsa ya soma raguwa. Da na ji kuɗin da masu taksi ke nema sai na haƙura na jira babbar motar Dakar Dem Dikk da ke jigilar fasinjan filin, wadda ta fi sauƙi ƙwarai.

Abin da ya fara shiga jikina shi ne iskar garin, mai sanyi da laima, wadda ba ta busar da leɓe kamar hunturunmu. Na biyu kuwa matsi ne. Birnin yana kan wani tsinin ƙasa da teku ya kewaye ta ɓangare uku, ba shi da wurin faɗaɗa sai gabas, shi ya sa gidaje suke ta hawa sama, tituna kuma suke cushewa tun da sassafe. Lokaci ma ya rikita ni a farko, domin agogonsu yana bayan namu da awa ɗaya, amma duk da haka a wannan lokaci na sanyi rana ba ta fitowa sai wajen ƙarfe bakwai da rabi, azahar kuma sai ƙarfe biyu. Faransancin da na dogara da shi yana aiki a ofis da kanti da tasha, amma a titi da cikin mota da wajen mai abinci Wolof ake yi, kuma ana ganin fuskar mutum tana sakewa idan baƙo ya yi ƙoƙarin gaishe shi da harshensa.

Batun kuɗi ne ya sa na rubuto. Takardar jika goma, wato sefa 10,000, da na saba ganin tana ɗaukar ni kwanaki a Yamai ita ce dai a hannuna a nan, amma ba ta jimawa. Abinci bai ba ni tsoro ba: shinkafa da kifi da suke kira cebujen tana ƙosarwa, kuma kofin kofi Tuba a bakin titi bai wuce dala goma ko ashirin ba, wato sefa 50 ko 100. Wurin kwana ne yake cinye ni. Na sauka a wani masaukin matafiya wajen Ngor, inda ake biyan kuɗin gado ɗaya a ɗakin da ake haɗa mutane da yawa, akasarinsu Turawa matasa masu irin jakata. Wurin yana da tsabta kuma ba wanda ya wulaƙanta ni, sai dai maza da mata ɗaki ɗaya suke kwana, salla kuma sai in nemi lungu a baranda, sannan daga can zuwa Plateau, tsakiyar birni, tafiya ce mai nisa da ke cin kuɗi da lokaci kowace rana.

Tambayata ita ce: in ci gaba da zama a nan har guzurin ya ƙare in koma gida da wuri, ko in nemi ƴan uwanmu ƴan Nijar da ke garin in sauka wurinsu, ko akwai wata hanya da ban sani ba? Kuma waɗanda suka san garin su gaya mini abin da ya cancanci a biya kuɗi a gani da abin da ake gani kyauta.

Dattijon Adar ya amsa:

Wa alaikumus salam. Ɗana, Allah ya sa ka sauka lafiya, ya kuma mayar da kai ga iyayenka lafiya. Ni daga Tawa nake rubuto maka, kuma na yi shekarun ƙuruciyata ina biɗa tsakanin Abijan da Dakar, saboda haka zan gaya maka abin da na sani, ko da zamaninku ya bambanta da namu.

A ƙasar Adar yaro ba ya barin gida sai an ba shi sunan wanda zai sauka wurinsa, kuma wannan ba don rashin kuɗin otal kaɗai ba ne. Mai masauki shi ne zai gaya maka unguwar da ba a bi da dare, shi zai nuna maka inda ake sayen abu da farashin ƴan gari, kuma idan ciwo ya kama ka shi zai san asibitin da za a kai ka da wanda za a kira a gida. Turawan da kuke kwana tare da su suna da inshora da ofishin jakadanci mai ƙarfi a bayansu, kai kuwa abin da kake da shi a garin nan shi ne mutanenka, kuma suna da yawa. Ka fita bayan magariba a Madina ko Grand Dakar ko wata unguwar talakawa, ka bi hayaƙin gashi. Su kansu Senegalawa tsiren da ake barbaɗa wa yaji da ƙuli suna kiransa dibi haoussa, domin mutanenmu ne suka kai sana'ar kuma har yau su ke riƙe da ita. Ka yi sallama da Hausa, ka faɗi garinku da sunan unguwarku, na tabbata kafin ka tashi daga wurin an samo wanda ya san wani naka.

Amma ka kiyaye ladabin abin, domin a nan ne samarin yanzu suke ɓata wa na bayansu hanya. Kada ka je hannu sake. In akwai sauran kilishi a jakarka ka kai musu, in babu ka sayi shayi da sukari. Ka sa hannu a kuɗin tukunya tun ranar farko ba tare da an tambaye ka ba. Ka sani yawancinsu mutum biyar ko shida ne a ɗaki ɗaya, da dare suke aiki, da rana suke barci, saboda haka ba wurin kunna waya da ƙarfi ko shigo da abokai ba ne. Kada ka tambayi mutum nawa yake samu ko yaushe rabonsa da gida, kuma kada ka ɗauki hoton ɗakinsu ka watsa a Facebook, domin akwai wanda iyalinsa suke zaton yana cikin daɗi, kuma ba hurumin baƙo ba ne ya tona. Haƙƙin baƙo a addini kwana uku ne, abin da ya wuce haka sadaka ce ake yi maka, sai ka lura da kanka. Idan za ka dawo, ka tambayi mai saƙo ya ba ka, ka kuma kai shi hannu da hannu.

Ban ce yawon ganin gari laifi ne ba. Ra'ayina dai shi ne wanda ya je Dakar ya ga gine-gine da teku, bai zauna da masu neman abinci a cikinta ba, rabin garin ya gani.

Tsohuwar ɗalibar Dakar ta amsa:

Baba, Allah ya ƙara girma, maganarku gaskiya ce kuma ni ma na ci albarkacin mutanenmu lokacin da nake karatu a jami'ar Cheikh Anta Diop. Sai dai ina neman afuwa in ɗan saɓa muku a wuri ɗaya. Wanda kuke ba labari ɗan biɗa ne da ya zo neman sana'a, zai zauna ya koyi aikin, gobe shi ma ya sauki wani. Ƙanen nan namu kuwa hutu ya zo yi da albashinsa, kuma haya a Dakar ta yi tsadar da ɗakin nan na mutum shida kowane taku nasa biyansa ake yi da gumi. Ba za su taɓa ce masa a'a ba, kuma wannan ne ma dalilin da ya sa nake ganin bai kamata ya ɗora musu kwana ba. Ya je ya gaishe su, ya ci tsirensu ya biya, ya yi hira da su, ya karɓi lambar babbansu saboda ɓacin rana, amma ya nemi wurin kwana da kuɗinsa.

Ƙanena, Ngor da Almadies unguwannin masu hali ne da baƙi, kuma ko gado ɗaya a can farashinsa na Turawa ne. Ka nemi ɗaliban Nijar ta hanyar ƙungiyarsu, domin kusan kullum akwai wanda ya tafi gida ya bar ɗaki, ko wanda ya san gidan iyali da ke ba da ɗaki na mako a Madina ko Fass ko Grand Yoff ko Parcelles Assainies. A irin gidajen nan za ka sami wurin salla ba tare da neman lungu ba, kuma sau da yawa uwar gida za ta kira ka cin abincin rana a babban kwano tare da kowa. Ka duba ruwa kafin ka biya, domin a wasu unguwanni famfo ba ya hawa bene na sama sai cikin dare.

Abin da ya fi muhimmanci wajen zaɓen ɗaki shi ne kusancinsa da layin BRT. Manyan motoci ne masu aiki da lantarki da suka fara jigila a 2024, suna da hanyarsu ta kansu mai tsawon kusan kilomita 18 daga tashar Petersen a tsakiyar birni zuwa Guédiawaye, cunkoso ba ya tsayar da su, kuma kuɗin shiga sefa 400 ne ko 500. Akwai kuma jirgin ƙasa na TER da aka buɗe a Disamban 2021, wanda kashinsa na farko ya haɗa tashar Dakar da Diamniadio, kilomita 36, a kan sefa 500 zuwa 1,500 a ajin talakawa. Inda waɗannan biyu ba su kai ba sai fararen motocin Tata masu lamba, waɗanda ake yankar tikiti a ciki, ko kuma car rapide, tsofaffin motocin nan masu launin shuɗi da ruwan ɗorawa da yaron mota ke rataye a ƙofar baya yana kiran sunayen unguwanni. Su ne faba-fabarsu, sun fi kowa araha, amma sai ka riƙa tambayar na kusa da kai, domin wani lokaci a tsakiyar hanya za a ce an zo ƙarshe a sake karɓar wani kuɗin. Taksi kuwa ka bar shi sai dole. A Yamai mun saba a haɗa mu huɗu kowa ya biya kuɗin kujerarsa, a Dakar taksin nan mai baƙi da ruwan ɗorawa naka ne kai kaɗai, kuma sai an gama ciniki kafin ka buɗe ƙofa.

Game da abinci, ka mai da na rana babban abincinka, domin cebujen da yasa da mafe tsakanin ƙarfe ɗaya da uku suke da zafi da araha, bayan haka sai kanzo. Da safe ka nemi tangana, rumfunan burodi da wake da ƙwai da shayi, da dare kuma akwai ƙananan gidajen abincin da ake kira Maiga, waɗanda galibi mutanen yankin kogin Isa ne ke riƙe da su, har ma kana iya jin Zabarmanci ko Sonrai a ciki.

Abin da ya cancanci kuɗinka, a ganina, tsibirin Gore ne. Jirgin ruwan yana tashi daga tashar da ke kusa da tashar jirgin ƙasa, tafiyar kamar minti 20 ce, kuma farashin hawa-hawa ne: ɗan Afirka yana biyan ƙasa da na wanda ya zo daga wata nahiya, amma sai ya nuna takardar shaidarsa, don haka kada ka bar fasfo a ɗaki. UNESCO ta sa tsibirin cikin wuraren tarihi na duniya tun 1978, kuma Gidan Bayi da ke can, na zamanin cinikin bayi, wuri ne da mutum ke fitowa daga cikinsa jikinsa a sanyaye. Ka tafi da ruwanka da burodinka, domin abinci a tsibirin na masu yawon buɗe ido ne. Gidan tarihin wayewar baƙar fata da aka buɗe a Disamban 2018 yana kusa da tashar jirgin ruwan a cikin birni, kana iya haɗa su rana ɗaya. Sauran kuwa ƙafa ce kawai: masallacin Massalikul Jinan da aka buɗe a 2019, masallacin da ke bakin teku a Ouakam, matakalar babban mutum-mutumin tagulla na Farfaɗowar Afirka da aka ƙaddamar a 2010 zamanin Abdoulaye Wade, inda ake hango gari ba sai an shiga ciki ba, da kuma Soumbédioune da yamma lokacin da kwalekwalen masunta ke dawowa da kifi.

Gargaɗi biyu zan yi maka. Iya iyo a kogin Isa ba ya nufin ka iya teku, kuma gaɓar arewa tana da igiyar da ke jan mutum ciki, har an hana wanka a wurare da dama, saboda haka kada ka shiga sai inda ka ga iyalai da masu tsaro. Sannan a kasuwar Sandaga da tashar Petersen ka mayar da jakar nan gabanka, bakin teku na Corniche kuma da yamma ake zuwa lokacin da jama'a ke motsa jiki, ba bayan isha ba.

Ɗan kasuwar Tawa ya amsa:

Yaya ta gama magana, ni ƙari kaɗan zan yi daga abin da na gani wajen sayen yadi a kasuwar HLM. Su ma da dala suke ƙidayar kuɗi kamar mu, ɗarinsu sefa 500 ce daidai da tamu, amma idan mai kaya ya ce maka dubu da Wolof, dala dubu yake nufi, wato jika biyar. Idan ka ga lissafi zai rikice, ka ce ya rubuta maka a waya da lambobi. Ka sayi layin waya na can da fasfonka ka buɗe asusun kuɗi na waya, Wave ko Orange Money, domin har mai shayi yana karɓa, kuma hakan zai raba ka da rigimar canji, wadda ba ta ƙarewa idan ka miƙa jika goma da safe.

Kan takardu, tun da Nijar ta fice daga CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, a ranar 29 ga Janairun 2025 mutane suke ta tambaya, amma ƙungiyar ta sanar cewa za a ci gaba da karɓar takardunmu da barin mu shiga ba biza, kuma har yanzu muna cikin UEMOA, ƙungiyar ƙasashen da ke kashe sefarmu, tare da Senegal. Duk da haka ka riƙa yawo da kwafin fasfo da katin rigakafinka. Kuma duk mai shirin zuwa bayanka ya duba kalandar Musulunci, domin wajen 18 ga Safar, lokacin Magal, babban taron Muridai a garin Tuba, motoci suna ƙaura can, masu abinci da yawa suna rufewa, kuɗin tafiya kuma yana tashi.

Baƙon Dakar ya sake rubutawa:

Na gode, Baba, na gode, Yaya, na gode, ɗan uwa. Na haɗa shawarwarinku biyu. Na sami masu tsire a Madina, mutanen wajen Illela da Madawa, kuma kamar yadda Baba ya faɗa sun nace in kwaso jakata in dawo wurinsu. Da na ga ɗakin sai na gane abin da Yaya take nufi, na ba su haƙuri, amma yanzu can nake cin abincin dare. Ɗaya daga cikinsu ne ma ya haɗa ni da wani ɗalibi, shi kuma ya samo mini ɗaki a gidan iyali a Grand Yoff, tafiyar ƙafa kaɗan daga tashar BRT, kuma abin da zan biya a mako bai kai abin da nake biya a rabin mako a Ngor ba. Da wannan rarar ina tunanin zuwa Kaulaha in ziyarci Madina Baye, domin kakata ba za ta yafe mini ba idan ta ji na zo Senegal ban je ba. Daga ina ake shiga mota, kuma ana iya zuwa a dawo rana ɗaya?

Dattijon Adar ya amsa:

Madalla, ɗana, kuma ƴata ta fi ni gaskiya kan batun haya, domin a zamaninmu ɗaki bai kai haka ba. Kaulaha kusan kilomita 190 ce daga Dakar. Ka je babbar tashar Baux Maraîchers da ke Pikine da asuba, jirgin TER ma yana tsayawa a wurin, ka shiga ƙaramar mota mai ɗaukar mutum bakwai, ta fi babbar mota tsada kaɗan amma tana saurin cika. Za a nemi kuɗin jaka daban, in ka rungume ta a cinya ba ka biya. Ana iya dawowa rana ɗaya, amma wahala ce, gara ka kwana. A Madina Baye, garin Shehu Ibrahim Inyass wanda ya rasu a 1975, Hausa za ka riƙa ji ko'ina saboda almajirai da maziyarta daga Nijar da Najeriya da Gana, kuma akwai gidajen da ke saukar baƙi. Ka tafi da ƴar kyautarka ga masu gidan, ka kuma ɗauki riga marar nauyi, domin zafin Kaulaha irin na gida ne.